Gwaggo Aranka da Wasiƙun Berek

Shekara uku Gwaggo Aranka Lantos ta yi tana koya mana harshen Hangari, ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Idan aji ya kaure da surutu, sai ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur, ta zuba mana ido har kunya ta kama mu. Ba gwaggon kowa ba ce a cikinmu. Haka muke kiran malamai mata a Budapest, maza kuma kawu.

Gajeruwa ce, siririya, kunnenta na hagu ba ya ji, shi ya sa take karkata kai idan ana mata magana, kamar mai shakkar abin da ake faɗa. Ta yi shekara talatin tana koyarwa a wata makarantar gwamnati a bayan gari, babu wanda ya san ko wace ce ita. Mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, Kirista wanda ba ya leƙa coci, ya rasu tun kafin mulkin kwaminis ya faɗi. 'Yarsu ɗaya, kuma sai da ta kai shekara ashirin da shida sannan ta ji cewa uwarta Bayahudiya ce. Da aka buɗe makarantarmu ta Yahudawa a 1990, Gwaggo Aranka ta zo da kanta ta nemi aiki. Idan ana addu'ar safe takan tsaya a bayan aji tana motsa leɓe, mu duka mun san ba ta iya ba. Ba mu yi mata dariya ba, don yawancinmu ma a shekarar muka fara koya.

Da kakar 1992, muna aji takwas, ta shigo da takarda mai sunaye ashirin da biyu. Ta ce yara ne sa'anninmu a wani ƙaramin gari da ake kira Berek, can tsallaken iyaka a ƙasar Romaniya, kuma yarenmu suke yi a gida. Kowa zai ɗauki suna ɗaya ya riƙa rubuta wasiƙa sau biyu a wata. Ni na sami wata Kinga.

Ta kafa mana sharaɗi. Kowace wasiƙa sai ta bi ta hannunta, mai fita da mai shigowa. Adireshin gidanta za a sa, don a cewarta wasiƙu na ɓata a ofishin makaranta. Sannan ba siyasa, ba addini.

Ábris, wanda bakinsa ba ya mutuwa a ajinmu, ya ɗaga hannu. "Gwaggo Aranka, to idan ya tambaye ni sunan makarantarmu fa?"

"Ka ba shi sunan titi. Kowa da sunan titi yake kiran makarantarsa."

"Idan ya tambaye ni me na ci ranar Asabar?"

"Miya ka sha, Ábris. Kowa na shan miya."

Muka kwashe da dariya, magana ta wuce. Gaskiya ba mu ga wani abin mamaki a ciki ba. Haka iyayenmu suke ja mana kunne kullum: kada ka faɗa a cikin bas, kada ka faɗa wa maƙwabta, ka sa sarƙar wuyanka a cikin riga. Da hunturu Ábris ya rubuta shafi guda a kan bikin kunna kyandirori da aka yi a gidansu. Ta dawo masa da takardar, ta ja jan biro a kanta daga sama har ƙasa, ta rubuta a gefe: "Hutun sanyi ya yi daɗi."

Wasiƙun Kinga dogaye ne, rubutunta ƙanana kamar ƙwayar gero. Na san sunan karensu da na saniyar maƙwabtansu. Na san an rufe masana'antar katakon da babanta yake aiki, yanzu kiwon zuma yake a bayan gida. Na san kakarta, Kaka Terka, tana zagin rediyo idan ana labarai. Ta gaya mini sunan yaron da take so, wanda ko babbar ƙawarta ba ta sani ba. A watan Janairu ta tambaye ni me aka saya mini na Kirsimeti. Na yi kwana biyu ina juya biro, sannan na rubuta cewa kwat ne, mai ruwan toka. An saya mini kwat ɗin da gaske a watan Disamba, don tsohon ya matse ni.

Da bazara ta gabato sai ga takardar gayyata daga malaminsu, Kawu Levente: mu zo kwana uku, kowane yaro ya sauka a gidan abokin wasiƙarsa. Hedimastanmu ya yi murna, ya samo bas. Gwaggo Aranka ta ce hanya ba kyau. Ta ce jarrabawa ta kusa. Ta ce ruwan can yana ɓata ciki. Da ta ga ba wanda ya saurare ta, sai ta haƙura. Kawu Vilmos, malamin lissafi, shi aka haɗa su su raka mu. Na ji shi a bakin ofis yana tambayarta, "Kin dai yi musu bayanin abinci ko?"

Ta ce, "Na gaya musu abin da ya kamata."

Mun tashi wata Talata a watan Mayu, da kwalaye shida na abincinmu a bayan bas. Awa huɗu muka yi a kan iyaka. Bayan mun tsallaka, Gwaggo Aranka ta miƙe da wata jaka, ta bi layi tana raba wa yara maza hulunan hana sallah, ta ce su ɗora a kan 'yar hular da suke sawa a tsakiyar kai.

Kawu Vilmos ya dube ta, ya dubi hulunan. Mutum ne mai ƙiba da son wasa, amma a lokacin fuskarsa ta canza. "Aranka, zo mu yi magana."

Suka koma kujerar gaba. Ni ina bayansu, ina jin komai.

"Mutanen Berek ba su san mu Yahudawa ne ba?"

Ta juya masa kunnenta na hagu.

"Na ce ba su sani ba? Kada ki juyo mini da kunnen da ba ya ji, na san dabarar nan."

"Kwana uku ne kawai, Vilmos."

"Kwana uku da yara ashirin da biyu a gidajen mutane! Me za su ci? Me za su ce? Kin haukace ne?"

"Ka rage murya."

"Shekara arba'in ina rage murya. Na gaji."

Da la'asar muka shiga Berek. Titi ɗaya ne dogo, coci biyu, gidaje masu jan rufi, agwagi a bakin kwata. A filin makaranta an jera yara layi biyu cikin fararen riguna, ga iyaye a baya, ga fasto, ga wasu dattawa huɗu da kakaki da ganga. An rataya farin ƙyalle an rubuta mana barka da zuwa. Ana kiran suna, yaro ya fito daga nan, yaro ya fito daga can.

Kinga ta fi ni tsawo nesa ba kusa ba. Ta rungume ni har ƙasusuwana suka yi ƙara, sannan ta buɗe baki ta kira sunana, "S-s-sári." Ashe tana da i'ina mai tsanani. Wata takwas tana cika mini shafi huɗu huɗu, ba ta taɓa faɗa ba. Ta ga na lura, fuskarta ta yi ja, ni kuma na riƙe hannunta na ƙi saki. Minti goman nan su ne masu daɗi a tafiyar duka.

Daga nan aka kai mu tebur. Iyaye mata sun kwana biyu suna aiki. Ga kyafaffen naman alade an yanka fale-fale, ga burodi an shafe da kitsensa an barbaɗa jan barkono, ga kabeji an naɗe nama a ciki. A garin da rabin mazansa ba su da aiki, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Muka tsaya cirko-cirko. Rabinmu muna cin naman alade a gida, ni ma ina ci a gidan kakata, amma a tafiyar makaranta ba a yi, kuma kowa yana kallon kowa.

"Ku ci mana, 'ya'yana! Kunya ce?" in ji wata mata, tana tura wa Ábris faranti. "Dubi yadda ka rame, uwarka ba ta ba ka abinci ne?"

Ábris ya dubi Gwaggo Aranka. Ita kuwa ƙasa take kallo.

Kawu Levente, saurayi ne mai gemu da bai wuce talatin ba, ya yi jawabin maraba, ya miƙa wa baƙi magana. Kafin Gwaggo Aranka ta motsa, Kawu Vilmos ya taka gaba. Ya cire hular hana sallarsa ya riƙe a hannu, ƙaramar baƙar hular ta fito fili. Ya ce, "A madadin makarantar Yahudawa ta Budapest, muna godiya da wannan karamci. Ku gafarce mu, addininmu bai ba mu damar cin naman nan ba. Laifin namu ne da ba mu faɗa da wuri ba."

Filin ya yi tsit. Ina jin kukan agwagi daga titi. Wani mutum a baya ya yi wata gajeruwar dariya. Wata tsohuwa ta yi alamar gicciye a ƙirjinta. Matar da ke riƙe da farantin ta ajiye shi a hankali, ta goge hannu a jikin zaninta na girki. Sai na ji wani ya ce, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, "Gidajen kakanninsu suka zo dubawa."

Ba a yi ihu ba, ba a zagi kowa ba. Mutane dai suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Uba ya zo ya dafa kafaɗar ɗansa, su juya. Wata uwa ta ce wa Kawu Levente surukarta ba lafiya, ɗakin baƙi ba zai samu ba. Kafin rana ta faɗi gida bakwai sun janye. Abokin wasiƙar Ábris, wanda suka yi wata takwas suna musu a kan ƙwallo, yana kuka babansa yana jan sa. Aka shimfiɗa wa yara bakwai katifu a ɗakin motsa jiki na makarantar, Kawu Vilmos ya zauna da su. Fasto da kansa ya kawo barguna, ya ajiye ya tafi.

Baban Kinga ya daɗe yana tsaye yana murza hularsa. Matarsa ta raɗa masa wani abu. Ya ce, "Na ce za ta kwana a gidana, kuma za ta kwana." Ya ɗauki jakata ya wuce gaba.

Kinga ta saki hannuna tun lokacin jawabin. Muna tafe a bayansa, sai da muka wuce coci na biyu sannan ta yi magana.

"K-kwat ɗin Kirsimeti fa?"

"Akwai kwat ɗin. Na rantse akwai."

"Ni na g-gaya miki komai."

"Ba ki gaya mini kina i'ina ba."

Ban san me ya sa na faɗi haka ba. Har yau idan na tuna sai in ji kamar in nutse. Ta tsaya cak ta dube ni, sannan ta ce, ba tare da harshenta ya sarƙe ko sau ɗaya ba, "Wannan ba ƙarya ba ce." Ba ta ƙara yi mini magana ba ranar.

A gida uwarta ta wanke tukunya sau uku da toka, ta dafa mini ƙwai da dankali, tana ta tambaya ko gishiri ya halatta, ko madara ta halatta. Babanta ya zauna a ƙarshen tebur yana kallona.

"Yarinya, ki gaya mini gaskiya. Iyayenki suna da takardun wani gida a garin nan?"

Na ce, "Kawu, ban taɓa jin sunan garin nan ba sai bara."

"To wa ya zaɓo shi? Garuruwa nawa ne a ƙasar nan?"

"Malamarmu."

Kaka Terka tana zaune kusa da murhu tana ɓare wake. Ta ɗago. "Wannan 'yar ƙaramar, mai karkata kai?"

"Ita."

"Ya sunanta na gidan ubanta?"

Na ce ban sani ba. Ta ci gaba da ɓarar wakenta.

Washegari da safe an shirya za a yi wasan ƙwallo da waƙe-waƙe. Yaran Berek tara ne suka zo. Na shiga ginin makarantar neman ruwa, na tarar da Kawu Levente da Gwaggo Aranka a baranda. Ba su gan ni ba.

"Malama, kin mai da ni abin dariya a garinmu. Ni na bi gida gida na roƙi mutane. Wata mata ta yanka aladen da take ajiya don bikin 'yarta."

"Na sani. Ka yi haƙuri."

"Haƙuri? Me ya hana ki faɗa tun farko?"

"Da na faɗa, wasiƙa nawa kake jin za ta zo?"

"Ban sani ba! Wataƙila goma, wataƙila duka, wataƙila babu. Ba ki bar ni na sani ba. Ke kika yanke mana hukunci tun daga Budapest, kika zauna kina karanta wasiƙun yaranmu."

"Bakwai sun janye jiya."

"Sha biyar ba su janye ba. Su ba ki ƙirga su?"

Sai ta ce, "Akwai maƙabarta a bayan masana'antar katako. Har yanzu ana iya shiga?"

Ya dube ta da kyau. "Wa ya gaya miki akwai maƙabarta a can? Ko yaran garin nan ba duka suka sani ba."

"Mabuɗin yana hannun wa?"

"Babu mabuɗi. Babu ma ƙofa."

Aka fasa ƙwallo. Ta wuce gaba muna binta, mu ashirin da biyu, da malaman biyu, da yaran Berek taran nan suna biye daga nesa. Ba ta tambayi kowa hanya ba. Ta bi wani lungu tsakanin shinge biyu, ta tsallaka 'yar gada, ta zagaya bayan tarin ruɓaɓɓen katako. Ciyawa ta kai mana ƙugu, ƙaya na kama safa. Duwatsun kabari wasu a tsaye, wasu sun kifa, akuya biyu na kiwo a tsakani. Ta yi ta bin layi tana share gansakuka da tafin hannu, har ta tsaya a gaban wani.

"Ábris, zo ka karanta mini. Ni ban iya harufanmu na addu'a ba."

Ya durƙusa ya karanta da ƙyar. Sunan wani Mendel ne, ɗan Yehuda.

Ta ce, "Kakana ke nan. Sunana Aranka Glück. A garin nan aka haife ni, a titin da muka biyo jiya. Babana mai sa gilashin taga ne."

Ta ba da labarin a tsaye, da muryar da take ba mu shifta. A farkon 1944, lokacin garin yana ƙarƙashin ƙasarmu, tana da shekara takwas, kunnenta ya ruɓe. Babanta ya kai ta Budapest wurin ƙanwarsa don a yi mata aiki, ya ce zai dawo ya ɗauke ta bayan bikinmu na Idin Ƙetarewa. A watan Mayu 'yan sanda suka tattara Yahudawan Berek, gida arba'in da ɗaya, suka kai su tashar jirgi, aka wuce da su sansanin da ake kashe Yahudawa. Da babanta, da uwarta, da ƙannenta maza biyu. Babu wanda ya dawo, kuma babu kabarinsu a ko'ina. Ita ta rayu a wani ɗakin ƙasa a Budapest tare da gwaggonta. Tun daga ranar ba ta sake taka garin ba sai jiya.

Kawu Vilmos ya rufe fuska da hannu. Shekara uku suna shan shayi tebur ɗaya, bai sani ba.

Sai muka ji motsi a bayanmu. Kaka Terka ce, ta dogara sanda, Kinga na riƙe da gwiwar hannunta. Ta ratsa ciyawar har gaban Gwaggo Aranka, ta tsaya tana haki.

"Ke ce 'yar mai gilashi. Mai ciwon kunne."

"Ni ce."

"Ni ce Terka, ta gidan maƙeri. Na girme ki da shida. Ni nake kai muku madara."

Gwaggo Aranka ta karkata kai ta dube ta. "Kina da kitso biyu. Kina satar mana goro a kan katanga."

"Bishiyar tana nan." Tsohuwar ta ƙara da cewa, "Mun ɗauka ke ma kin tafi tare da su."

"Ban tafi ba."

Na ɗauka za su rungumi juna, ba su yi ba. Kaka Terka ta gyara riƙon sandarta, ta ce, "Keken ɗinkin uwarki yana wurina. Bayan an tafi da su an fito da kaya dandali an yi gwanjo. Babana ya saya. Kowa ya sayi wani abu, kada wani ya gaya miki bai saya ba."

Kinga ta juya ta dubi kakarta kamar ba ta taɓa ganinta ba.

Gwaggo Aranka ta ce, "Yana aiki?"

"Yana aiki. Sau ɗaya na canza masa bel."

"To."

"Ki zo ki ɗauka. Ɗana zai sa miki a mota."

"In kai shi ina, Terka? Hawa na huɗu nake, kuma ban iya ɗinki ba."

"Ko ki zo ki gan shi."

"A'a."

Ta juya ta ce mana kowa ya nemi ɗan dutse ya ɗora a kan kabarin, kamar yadda ake yi. Muka ɗora. Biyu daga cikin yaran Berek suka ɗora su ma, sauran suka tsaya suna kallo. Da muka fito, Kawu Levente ya tambaye ta ko tana son a bi ta ƙofar gidansu na da. Ta ce ta gan shi jiya ta tagar bas, an yi masa koren fenti, ya isa.

Kafin azahar labari ya gama gari, kuma ya canza kama a hanya. Aka ce tsohuwar ta zo da lauya, wai Kawu Vilmos ne lauyan. Aka ce ta rubuta sunayen gidaje a littafi. Da muka koma filin makaranta, mun tarar an rubuta wata kalmar zagin Yahudawa da alli a jikin bas ɗinmu, an zana igiyar rataya a gefenta. Direba yana gogewa da tsumma yana zage-zage. Kawu Levente ya karɓi tsumman daga hannunsa ya ƙarasa gogewa da kansa. Kawu Vilmos ya ce ba za mu ƙara kwana ba.

Na je gidan su Kinga ɗaukar jakata. Uwarta tana kuka, ta cusa mini dafaffen ƙwai shida a aljihu. Babanta ya ba ni kwalbar zuma, ya ce, "Wannan dai ƙudan zuma ne suka yi, ba ruwansu da kowa." Keken ɗinkin yana ɗakin da na kwana, an rufe shi da farin ƙyalle, a kansa na ajiye tabarauna daren jiya. Kinga ta raka ni har bas. Da motar ta tashi ta ɗaga hannu sau ɗaya ta sauke.

A Budapest iyaye suka yi ca. Uwata ta ce an kai 'ya'yan mutane cikin haɗari da ƙarya. Baban Ábris ya ce abin da ya fi ci masa rai shi ne a makarantar Yahudawa a koya wa ɗansa ɓoye hularsa. Aka yi taro, aka kira Gwaggo Aranka. An ce ta zauna da jakarta a kan cinya ta saurari kowa, da aka ba ta dama ta ce duk abin da aka faɗa haka ne. Ba a kore ta ba. A ƙarshen shekara aka yi mata liyafar ritaya da furanni, alhali saura shekara biyu take niyyar yi.

Cikin wasiƙu ashirin da biyu, biyar ne suka ci gaba, yanzu da adireshin makaranta. Ta Ábris ba ta ciki. Ya rubuta sau uku, ba amsa. Kinga ta yi wata huɗu shiru, sannan ta aiko shafi ɗaya. Ta ce kakarta ta daina ɗinki, ta sa an kai keken rumbu, babanta kuma ya yi faɗa da mutane biyu a mashaya saboda mu. A ƙasa ta rubuta: "Yanzu ki fara daga farko, ki gaya mini wace ce ke." Na rubuta mata shafi tara. Yau tana Italiya tana jinyar tsofaffi. Mukan yi waya sau biyu ko uku a shekara, ba kullum muke samun abin faɗa ba.

Bayan na gama jami'a na riƙa leƙa Gwaggo Aranka a hawa na huɗun nan. Ta ƙara ƙanƙancewa, ɗaya kunnen ma ya fara tafiya. Wata rana na yi ƙarfin hali na tambaye ta me ya sa ta zaɓi Berek, tun da ba ta son a san mu kuma ba ta son zuwa.

Ta daɗe tana juya cokali a kofi. "Akwai wata kalma da uwata take kiran kwanon wanke hannu da ita. Ban taɓa jin ta a bakin kowa a Budapest ba. Har na fara zaton ni na ƙirƙiro ta. A wasiƙa ta uku wani yaro ya rubuta ta."

"Saboda kalma ɗaya, Gwaggo Aranka?"

"Ba ɗaya ba ce. Suna da yawa." Ta kurɓi shayin. "Na cuce ku, na cuci yaron nan Levente. Na sani. Kada ki ce mini ba komai."

Ban ce ba.

Ta rasu a watan Nuwamba na 2009. Ba ta bar wasiyya a kan inda za a sa ta ba, 'yarta ta yi ta tambayar mutane, daga ƙarshe ta binne ta kusa da mijinta a maƙabartar gwamnati. Mu huɗu muka je daga ajinmu. Kawu Vilmos ya zo a keken guragu. A addininmu addu'ar mamaci tana buƙatar maza goma, mu kuwa maza uku gare mu, har da Ábris da ya taso daga Vienna a jirgin safe. Kawu Vilmos ya ƙirga mu da ido, ya ɗaga kafaɗa, ya karanta ta a hankali. Ana yayyafi, 'yarta ta riƙe masa lema har ya gama.